Yadda ake karatun fiziks ya shiga kai, da abin da ake yi da shi bayan an gama

Bari in fara da faɗin gaskiya, ni ma likitanci na nema. Da sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito sai na ga an jefa ni fiziks, na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure a gida kamar wanda aka yi wa mutuwa, Baba ne ya ce "tafi ka fara, in bai yi maka ba ka sake rubuta JAMB baɗi." Ban sake rubutawa ba. Yau kuma shi nake koyarwa, kuma kusan duk shekara sai yaro ko yarinya sun tsare ni bayan an tashi da tambaya iri ɗaya, malam ni fa ina karantawa amma baya zama. To ga abin da nake faɗa musu, ɗaya bayan ɗaya. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin rubutu amma ke ma dake nake.

Na farko: ka gyara lissafinka kafin ka zagi fiziks

Yawancin masu cewa fiziks wuya, idan ka zauna da su minti goma zaka ga ba fiziks ɗin ne ya kayar da su ba, lissafin aji uku na ƙaramar sakandare ne. An ba yaro fomular lantarki V = IR an ce ya nemo R, sai ya tsaya yana kallon silin. Saboda haka kafin komai ka ware sati biyu ka yi abubuwa huɗu har hannunka ya saba: juya fomula ta yadda harafin da ake nema zai koma gefe ɗaya shi kaɗai, lissafi da goma mai ɗan lamba a kai irin 3 × 10⁸, sin da cos da tan na alwatika mai kusurwa 90, sai canza ma'auni, wato kilomita zuwa mita, awa zuwa sakan, giram zuwa kilogiram. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin mutane. Mota na gudun kilomita 72 a awa, mita nawa ke nan a sakan? Ka raba da 3.6, ka samu 20. In wannan bai zo maka da sauri ba to nan zaka fara, babu kunya a ciki, wanda bai iya alwala ba ai ba a fara koya masa limanci.

Na biyu: ka mayar da kowace kalma Hausa, amma ka kula da tarkon da ke ciki

Nan zan daɗe, don nan ne matsalarmu ta musamman take. Da Turanci ake koya mana, da Hausa muke tunani, kuma ba laifi ba ne, ni har yau da Hausa nake warware tambaya a kaina. Duk darasin da ka karanta ka rufe littafin ka bayyana shi da Hausa da babbar murya kamar ƙaninka ɗan firamare kake yi wa bayani. Inda ka ji harshenka ya sarƙe ka koma jefa kalmomin Turanci don ka tsallake, to wurin ne baka gane ba, koma ka sake karanta shi.

Sai dai ga tarkon. Akwai wuraren da mu kalma ɗaya muke da ita, fiziks kuma ya raba abin gida biyu ko uku. Ɗauki "ƙarfi". Mukan ce ya tura ƙofa da ƙarfi, mukan ce ya ci tuwo ya samu ƙarfi, mukan ce injin nan yana da ƙarfi. A fiziks abu uku ne daban: na farko fos ne, turi ko ja, da niyuton ake auna shi. Na biyu enaji ne, abin da kake kashewa ka yi aiki, da jul ake auna shi. Na uku fawa ne, wato saurin da kake kashe enajin, jul nawa a sakan ɗaya, shi ne wat. Mutum biyu suka hau da buhun siminti bene ɗaya, ɗaya a minti ɗaya ɗaya a minti uku, aikin da suka yi ɗaya ne amma na farkon ya ninka na biyun sau uku a fawa.

Haka "nauyi". Buhun shinkafa mai kilo 50, wannan hamsin ɗin mas ne, yawan abin da ke cikin buhun, ko ina ka kai shi hamsin ne. Nauyinsa na gaskiya kuwa shi ne yadda ƙasa ke jansa, 50 × 10, wajen niyuton 500. Da zaka kai buhun duniyar wata, inda ja bai wuce kashi ɗaya cikin shida na nan ba, nauyin zai koma wajen niyuton 80 amma shinkafar ko ƙwaya ɗaya bata ragu ba. Haka "zafi": kofin shayi ya fi bahon ruwan wanka mai ɗumi zafi idan ka tsoma yatsa, amma enajin zafin da ke cikin bahon ya fi na kofin nesa ba kusa ba. Uwa uba "wuta". An kawo wuta, wuta tayi ƙasa, wuta ta ja shi, na'urar nan tana shan wuta. Boltej ne (ƙarfin da ke tura lantarki), karent ne (yawan lantarkin da ke gudana a waya), fawa ne, duk mun haɗa su a kwano ɗaya.

Abin yi: ka samu ƙaramin littafi, kowane shafi ka ja layi gida huɗu, kalmar yadda take a littafin makaranta, bayaninka na Hausa, ma'auninta, sai misali ɗaya daga gidanku ko unguwarku. Ba misalin littafi ba, naka. Wannan ɗan littafin ya fi duk wani hand-awut da zaka saya amfani.

Na uku: kafin fomula, ka ga abin da idonka

Fiziks a tsakar gidanku yake zaune. Me yasa ruwan randa ya fi na jarka sanyi? Saboda randa tana tsattsafo, ruwan da ya fito bayanta yana bin iska, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Da wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Kuma shi yasa dabarar ta fi ci a lokacin zafi da hunturu, da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima bata karɓar ƙari sosai. Me yasa idan ɗan adaidaita ya taka birki kake tafiya gaba ka bugi ƙarfe? Dokar Newton ta farko ce, keken ya tsaya amma jikinka ba wanda ya tsayar da shi. Mayafi ko bargo yana ƙara ƙas-ƙas da hunturu har ka ga tartsatsi cikin duhu, cajin lantarki ne da gogayya ta tara, busasshiyar iska ta hana shi zurarewa.

Ga guda biyu da zaka gwada da lissafi. Idan ka ga walƙiya ka fara ƙirga sakan har ka ji tsawa. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a sakan, haske kuwa kilomita 300,000 a sakan, kamar nan take ne. Saboda haka kowane sakan uku kilomita ɗaya ne tsakaninka da inda ta faɗi. Na biyu, in akwai busasshiyar rijiya ko wani rami mai zurfi, ka saki tsakuwa, kar ka jefa, ka sake ta kawai, ka duba sakan nawa kafin ka ji ta faɗi. Zurfin shi ne ½ × 10 × t², t shi ne yawan sakan ɗin. Sakan biyu ya ba ka mita 20. Ranar da ka auna rijiya ba tare da igiya ba, daga ranar fomular nan ta daina zama abin hadda.

Na huɗu: yadda ake warware tambaya

Kar ka taɓa fara tambaya da neman fomula. Ga yadda nake tilasta wa ɗalibaina, ko suna so ko basa so. Ka karanta sau biyu. Ka yi zane ko da na kaza ne, akwati a matsayin mota, kibiya tana nuna inda take tafiya. A gefe ka jera abin da aka ba ka da harufansu, ka canza duka zuwa mita da kilogiram da sakan tun yanzu, ka rubuta abin da ake nema da alamar tambaya. Sai yanzu ka tambayi kanka wace fomula ce ta haɗa waɗannan harufan. Ka juya ta da harufa tukuna kafin ka zuba lambobi. A ƙarshe ka sa ma'auni, ka dubi amsar ka tambayi kanka, hankali zai ɗauka?

Misali. Mota na gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki ta tsaya cikin sakan 4, mita nawa ta ci kafin ta tsaya? An ba ka gudun farko u = 20, gudun ƙarshe v = 0 tunda ta tsaya, lokaci t = 4. Kula da wannan sifirin, ba a rubuta shi da lamba a tambayar ba, a cikin kalmar "ta tsaya" aka ɓoye shi, kuma haka masu jarrabawa suke yi kullum. Raguwar gudu a = (0 − 20)/4 = −5. Nisa s = ut + ½at² = 80 − 40 = mita 40. To yanzu ka yi abin da littafi bai ce ka yi ba: da gudun ya ninka, birki ɗaya, fa? Ka yi amfani da v² = u² + 2as zaka samu mita 160. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. In ka sake shiga motar haya a hanyar Kano zuwa Zariya direba yana zuba wuta zaka tuna da wannan lissafin, wataƙila ma ka yi masa magana, ko da yake ba ji zai yi ba.

Maganar duba amsa ba wasa ba ce. Na taɓa yin makin takardar da yaro ya samu tsawon mutum mita 170 ya ja layi biyu a ƙasa yana alfahari.

Na biyar: firaktikal, ko makarantarku bata da kaya

A makarantar da na yi, ɗakin gwaje-gwajenmu a kulle yake shekara biyu da rabi, sai ana saura sati biyu jarrabawa aka buɗe, muka tarar da ƙura da gidan zanzaro a kan kayan. Ranar jarrabawa na haɗa amita, na'urar auna karent, a gicciye maimakon a jere, allurar ta buga ƙarshe, na tsaya gumi yana keto min ban san me na yi ba. Kar ka jira a buɗe maka.

Gwajin lilo zaka iya yinsa yau a ɗaki. Ka samu zare mara miƙewa, ƙaramin kwaɗon ƙofa ko wani ƙarfe mai ɗan nauyi, ƙusa a jikin ƙofa, tef ɗin tela, da agogon waya. Ka auna tsawon zaren daga ƙusa zuwa tsakiyar ƙarfen, ba samansa ba, ya zama santimita 100. Ka ja shi gefe kaɗan, kaɗan fa, ka saki. Zuwa da dawowa shi ne ɗaya. Ka ƙirga 20 ka duba lokaci, zaka samu wajen sakan 40, ka raba da 20, lokacin lilo ɗaya, wato T, ya zama sakan 2. Dalilin ƙirga 20 shi ne yatsanka yana makara wajen danna agogo, idan ka raba makarar gida ashirin sai ta zama ba komai. Ka maimaita sau biyu ka ɗauki matsakaici. Sai ka rage zaren zuwa 80, 60, 40, kowanne ka yi haka. Ka yi teburi mai L (tsawon zare) da t (lokacin lilo 20) da T da T², ka zana giraf na T² a tsaye L a kwance da mita. Layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa wajen 4, kuma g, wato jan ƙasa, shi ne 4π² a raba da gangaren. Zaka samu kusa da 9.8. Wato da zare da kwaɗo ka auna jan ƙasa da kanka. Ka canza kwaɗon da wanda ya fi shi nauyi ka ga ko lokacin zai canza, ba zan faɗa maka ba.

A jarrabawar firaktikal ta WAEC da NECO yawancin makin a teburi da giraf yake. Kowane ginshiƙi da ma'auninsa a sama, lambobin bayan ɗigo su zama daidai da juna daga sama har ƙasa, giraf ya ci aƙalla rabin takarda, kar ka zaɓi sikeli na uku-uku ko bakwai-bakwai don zaka wahalar da kanka, fensir mai tsini, alwatikan gangare babba. Matakan kiyayewa kuma ka rubuta wanda ya dace da gwajin da ka yi, ba ka kwaso hadda ka ce ka kashe fanka a gwajin lantarki ba.

Na shida: kayan karatu

Littafi ɗaya, ba biyar ba. Wanda makarantarku ke amfani da shi ya isa, ka haɗa da silabus na WAEC da na JAMB ka riƙa soke abin da ka gama. Tsoffin tambayoyin jarrabawa na shekara goma ka same su, amma darasi-darasi zaka bi su, ka gama karanta lantarki ka kwashe duk tambayoyin lantarki, kuma ka rufe amsoshin baya da takarda. Ka sani ma wasu amsoshin na bayan littafin kuskure ne, in ka yi sau uku kana samun abu ɗaya ka kai wa malami. Kalkuleta Casio ta kimiyya, wadda zaka shiga jarrabawa da ita da ita zaka riƙa atisaye, ka duba tana kan digiri ba radiyan ba, gwajin shi ne sin 30 ya ba ka 0.5. JAMB kuwa a kwamfuta ake yi, tambaya 180 a awa biyu, 40 daga ciki na fiziks, kusan sakan 40 kowace tambaya, saboda haka ka saba da lissafin ka da ɗaukar g a matsayin 10.

A waya akwai abubuwa uku da nake ganin sun cancanci data. PhET, na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a 2002, kyauta ne, zaka haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo ka ƙona su yadda kake so ba asara. Phyphox, daga wata jami'a a birnin Aachen na Jamus, yana mayar da wayarka na'urar awo, ya auna girgiza da sauti da maganaɗisu. Sai Khan Academy ko darussan YouTube ga inda malami ya wuce da sauri. Amma kallon bidiyo yaudara gare shi, kana kwance kana gyaɗa kai kana jin ka gane, a ba ka biro ka kasa layin farko. Ƙa'idata ita ce duk bidiyon minti goma sai tambaya biyar da hannu. Su ChatGPT ma haka, ka ce ya yi maka bayani ko ya nuna maka inda ka kauce, amma ka bi lissafinsa da kalkuleta don yana kuskure da cikakken ƙarfin hali.

Sai littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi ka kwafe ta, ka rubuta dalilin faɗuwar da jan biro, ban canza santimita ba, na manta alamar ragi, ban gane kalmar ba. Bayan wata ɗaya zaka ga kuskure uku ne ko huɗu suke ta maimaita kansu. Lokaci kuwa, minti arba'in kullum bayan Asuba ya fi kwana zaune ranar Lahadi, kuma abin da ka karanta yau ka gwada tuno shi gobe, da bayan kwana uku, da bayan sati, littafi a rufe.

Na bakwai: ka koyar, in kuma kai malami ne ga naka

Ku haɗu uku ko huɗu, kar ku wuce haka don zai koma hira da musun ƙwallo. Kowa ya ɗauki darasi ɗaya ya tsaya gaban allo, sauran su yi masa tambayar ƙure.

Malamai 'yan uwana, ku yi haƙuri da ni, amma cika allo da rubutu yara su kwafa ba koyarwa ba ce. Ka shigo aji da abu a hannu. Takarda biyu iri ɗaya, ka dunƙule ɗaya, ka tambaye su wacce zata riga faɗuwa, su ɗaga hannu a ƙirga, su yi gardama da na kusa da su minti biyu, sannan ka saki. Sai ka ɗora shimfiɗaɗɗiyar a kan littafi ka sake su tare su ga sun sauka lokaci ɗaya. Ajin zai kaure, kuma ba wanda zai manta cewa iska ce ke riƙe takardar. Darasin haske, gwangwanin madara da ƙaramin huji a gindi da farar leda a baki ya isa su ga hoton taga a kife, irin binciken da Ibn al-Haisam ɗan Basra ya yi kusan shekara dubu da suka wuce a Alƙahira. Ina son ambatonsa a aji saboda yaran da ke ganin kamar ilimin nan na wasu ne. Kuma ka bar su su yi tambaya da Hausa, daga baya ka ba su Turancin. 'Yan matan layin baya da basa ɗaga hannu, sau da yawa takardunsu ne suka fi tsabtar aiki, ka kira su allo.

Na takwas: to me za a ci da shi?

Wannan ce tambayar da kawunnai ke yi a wurin biki, "fiziks? To malamin makaranta zaka zama ke nan?" Gaskiyar magana ba kamar likita ko mai harhaɗa magani ba ne da aiki ke ɗauke da sunan digirin. Digirin fiziks tushe ne, sai ka ɗora masa sana'a, kuma tun kana aji biyu a jami'a zaka fara ba sai ka dawo daga bautar ƙasa ba.

Mafi kusa da hannu yanzu sola ne. Fanka mai wat 60 ta yi awa 8 ta sha wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1200, amma in na ruwa ne rabin kawai ya kamata ka taɓa in kana so ya yi ƙarko. Da yawan masu haɗawa a gari da ƙiyasi suke yi, shi yasa zaka ga siririyar waya tana zafi ko batir ya mutu kafin shekara. Kai da ka san dalilin da yasa zafin waya ke ninkawa sau huɗu in karent ya ninka sau biyu, in ka haɗa da wata shida a shagon mai haɗawa kana hawa kwano kana riƙe masa sukundireba, ka fi shi ka fi ɗan ajinku. Kar digiri ya hana ka zama yaron shago. Michael Faraday, wanda a 1831 ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki, abin da injinan Kainji da janareton gidanku ke aiki da shi, yaron shagon ɗinkin littattafai ne.

Akwai binciken ƙarƙashin ƙasa, masu kafa ƙarafa a fili su tura lantarki su gano inda ruwa yake kafin a haƙa burtsatse, haka ma ma'adinai da mai. Akwai fiziks na asibiti, masu lissafa adadin hasken da za a haska wa mai ciwon daji da kula da injinan hoto, wannan sai da digiri na biyu. Akwai hasashen yanayi a NiMet, da hukumar sararin samaniya NASRDA da ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003. Mai son bincike, a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya akwai cibiyar makamashi da ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike mai kilowat 30 tun 2004, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma tana da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato. A waje akwai cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe irin namu, da AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, mai rassa a Afirka ta Kudu da Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Duk waɗannan sakamako mai kyau suke so da wasiƙar malamin da ya san ka da gaske, saboda haka ka daina gudun ofishin malamanka. Kuma ko wacce hanya ka zaɓa ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko a kwamfutar aro ce, ka fara da zana giraf ɗin lilon nan da ka yi da zare.

Yadda zaka gane wacce ce taka, ka gwada su da arha. Hutun wata uku a shagon sola, zaman horon masana'antu a asibiti ko kamfanin burtsatse, darasin yamma ga yaran unguwa. Bayan kowanne ka tambayi kanka abu biyu, wane aiki ne na yi har aka kira sallah ban san lokaci ya tafi ba, kuma wannan aikin zai iya riƙe gida? In amsar farko da ta biyu suka rabu, kamar yadda tawa ta rabu, sai ka haɗa biyu. Ni da safe ina aji, na yi difloma ta koyarwa na yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai, albashin kuwa kowa ya san yadda yake, kafin ashirin ga wata ya zama labari. Ranar Asabar ina kan kwanon mutane ina haɗa sola, da mitar auna wuta a wuya. Kuɗin cefane daga kwanon yake fitowa. Amma makon jiya wata yarinya 'yar aji biyar ta tare ni a bakin get ta ce malam, na auna rijiyar gidan kakarmu da tsakuwa, sakan ɗaya da rabi, mita goma sha ɗaya da ɗan kai, kuma da kawu ya zura igiyar guga aka auna da tef sai aka samu kusan goma da rabi, ina sauran ya tafi? Na ce mata ta je ta yi tunani a kan yatsanta da agogo, da kuma lokacin da ƙarar ta ɗauka kafin ta hawo kunnenta, ta kawo min amsa ranar Litinin.